Sun Kashe Tukunyata

Fort McMurray, 3 ga Maris

Matata Marlene,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, tarin ma ya yi sauƙi.

Gwajin da kamfaninmu na haƙar mai ya yi na sabuwar hanyar fito da kwalta ya yi kyau. Da hannuna na zuba dizal ɗin da aka yi da man girki cikin tururin da muke turawa ƙarƙashin ƙasa don narkar da ita, sai ga kwalta tana fitowa kamar ruwa. Yanzu tururi kaɗan ya ishe su, shi ya sa suka kashe tukunyar tururin da na shekara goma sha ɗaya ina hurawa. Manaja ya dafa kafaɗata ya ce, "Cyril, ka kafa tarihi!" Ya miƙo mini hular kamfani da takardar sallama.

Kada ki sayar da kwalekwalen Baba, ko da yake kifin tekunmu ma ya ƙare; shi kaɗai ya rage mini. Ina tafe ran Asabar. Allah ya tsare ku.

Mijinki,
Cyril