Waƙar Mai Jan Igiya

Abha, 4 ga Rajab

Zuwa ga 'yata Jawahir, ɗiyar ƙanena Shau'i, Allah Ya jiƙansa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da sauran mutanen Farasan da ba su manta da ni ba. Na rubuto da hannu saboda kin san kunnena, waya a wurina wahalar da mai kira ce kawai. Direban da ke kai kaya jirgin fito na Jizan zai sa a miƙa miki.

Ba zan ja ki da nisa ba. Ɗana Jubran ya ce in zaɓi inda zan yi hutun sanyi, ya jibge mini hotunan otal-otal. Na ce masa gida za ni. Shekara tara ina kan dutsen nan cikin hazo, ina shan shayi da 'yan fansho da ba su taɓa jiƙa gwiwa a teku ba. Ya ishe ni.

Ga buƙatata. Ki ɗaura mini tukunyar iskar nan da kike ɗaura wa baƙi, ki kai ni ƙarƙashin ruwan tsibirin Dumsuk. Kada ki kawo mini zancen shekaru, sittin da shida ne kacal. Shekara ashirin da biyu na yi ina nutson neman kawa mai lu'ulu'u da numfashi ɗaya, dutse a ƙafa, kwando a wuya, ubanki na riƙe da igiyata a jirgi. In ma'aikatan banki daga Riyad suna iyawa, ni ba sai an koya mini ba. Faɗa mini abin da zan riƙo kawai.

Baffanki,
Abkar

*

Farasan, 8 ga Rajab

Zuwa ga Baffana abin girmamawa,

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Umma ta sa an share tsohon gida, ta kuma ce kifin tanda na jiranka.

Tunda ka tambaya, ga abin da za ka riƙo. Takardar likita, ta zuciya da huhu da kunne. In babu ita, ko takalmin agwagwa na ninƙaya ba zan sa maka ba. Ka zo da riga mai dogon hannu don rana, ka kuma rage shayi ka ƙara ruwa, don iskar tukunya tana busar da maƙogwaro. A ƙasa ba a taɓa murjani, ba a ɗauko kawa ko ɗaya. Na san hannunka zai yi ƙaiƙayi, ka rungume shi a ƙirji. Sannan ka gaya wa Jubran kada ya zo ɗaukarka ranar da ka fito daga ruwa. Wanda ya yi nutso da tukunya ba ya hawa jirgin sama, ba ya hawa dutsen Abha, sai ya kwana ya wuni a nan bakin teku, in ba haka ba jininsa ya yi kumfa.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Ga wanda ke damuna. Iskar da ka shaƙa a ƙasa a matse take. In kana tasowa sai ta kumbura a ƙirjinka. In ka bar ta tana fita, lafiya lau. In ka riƙe ta, huhu ya yage, ko da tsawon kamu ɗaya rak ka taso. Saboda haka dokarmu ta farko ita ce ba a riƙe numfashi, ko na ƙiftawar ido.

Baffa, ma'aikacin banki ba ya ba ni tsoro. Shi a tsorace yake, duk abin da na ce sai ya yi. Gwani ne ke ba ni tsoro. Abin da ya raya ka shekara ashirin da biyu shi ne zai iya kashe ka yanzu. Za mu fara a ruwa iya ƙirji. Sai na ga kumfa na fita daga bakinka ba yankewa kafin mu doshi Dumsuk.

In mun je kuwa, ka nuna mini Ƙofar nan da kake ba mu labarinta muna yara, ƙofar murjani da raƙumi zai shige, da kifaye masu ruwan zinariya suna gadinta. Saboda ita na koyi aikin nan. Shekara shida ina nemanta.

'Yarka mai biyayya, amma ba a cikin ruwa ba,
Jawahir

*

Farasan, tsohon gida, 19 ga Rajab

Jawahir,

Sallama. Gidanku da nan taku ɗari biyu ne, amma na gwammace in rubuta, don in na zo za ki ɗaga murya in ji, unguwa ma ta ji.

Kwana uku kina tsoma ni a ruwa iya ƙirji kamar wanki. Sau uku kina danna mini hannu a ciki kina ɗago allonki: “Ina kumfa?” Jiya a gaban 'yan Jidda biyu kika kwance mini tukunya. Na ce, “Ni za ki koya wa numfashi? Ni da ake kira daga Jizan a zo a ga daɗewata a ƙasa?” Kika rubuta, “Daɗewar ce matsalar, Baffa.” Har mai tuƙa jirginki, wannan mai haƙorin zinariyar, ya juya baya yana dariya. Na gan shi, kurma ne ni ba makaho ba.

Na yi fushi, na huce. Gaskiyarki ce. Da zarar ruwa ya rufe kaina sai maƙogwarona ya kulle da kansa. Ina ce masa ya buɗe, ba ya jin magana.

To, bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ban taɓa ganin Ƙofar ba. A zamaninmu babu gilashin fuska. Gishiri na cin ido, abin da muke gani inuwa ce da duhu-duhu, hannu ne ke aiki. Sau ɗaya hannuna ya bi wani dutse ya lanƙwasa sama ya sauko, na ji ruwan sanyi na fitowa ta cikinsa. Shi ke nan. Raƙumin da kifayen zinariyar ni na ƙara, don ku yara ku yi shiru ku ci abinci. Shekara ashirin da biyu ina aiki a wuri, ban san kamanninsa ba. Abin na ci mini rai, ba na so in mutu a haka.

A ranar ce kuma ubanki ya fizgo ni sama ban ja masa igiya ba, hannuna a kan wata kawa da ban taɓa taɓa irinta ba. Na hau jirgi na mare shi a gaban mutane. Bai sake riƙe mini igiya ba. Har ya koma ga Allah ban ba shi haƙuri ba.

Saura kwana shida Jubran ya zo. Ba zan koma dutse ban gani ba. Ki nemo dabara, aikinki ne.

Baffanki

*

Farasan, 20 ga Rajab

Baffa,

Barka da asuba, da fatan ka tashi lafiya. Na karanta takardarka sau biyu. Na farko na yi kuka, na biyu na yi dariya. Shekara shida ina leƙa duk ramin da raƙumi zai shige! Allah Ya yafe maka, ni dai sai na yi shawara.

Labarin marin na san shi, Abba ya ba ni. Amma akwai abin da ba ka sani ba, don kana ƙasa lokacin. Waƙar da yake yi in yana riƙe da igiyarka ba don nishaɗi ba ce, agogonsa ce. Kana nutsewa yake ɗauko ta. Ya san numfashinka baiti goma sha biyu ne. Ranar nan ya kai sha biyu ba ka ja ba. Ya ƙara biyu saboda girmanka, sannan ya ja. Ya ce da ka fito leɓenka ya yi baƙi. Ya ce mini, “Gara ya mare ni da hannunsa da in wanke hannun nan a kan makara.” Ya daina riƙe igiyar ne don ya san in aka kuma, zai ji nauyinka ya ƙara uku.

Ga dabarar. Mai waƙa ba ya iya riƙe numfashi. Ba sai da kalmomi ba, bututu na bakinka. Ka yi ta da maƙogwaro, kamar mai lallashin jariri. Duk lokacin da za mu taso, ka ɗauko waƙar Abba, kada ka ajiye ta sai kanka ya fito. Ina gefenka, ina kallon kumfa.

Na san abin da za ka ce: mai nutso ba ya waƙa, waƙa ta masu jan igiya ce, na ƙasa da ku a jirgi. Ni kuma ba ni da wata dabarar. Ko waƙa, ko ka koma Abha da labarin raƙumi.

Ina jiranka a bakin ruwa bayan la'asar.

Jawahir

*

20 ga Rajab, da hantsi

'Yata,

Na samu. Ban san da baiti biyun nan ba. 

A jirginmu da an ji mai nutso yana waƙar igiya, da har jikokinsa sai an yi musu gori. Duk masu gorin suna maƙabarta. Zan zo. Amma ki gaya wa mai haƙorin zinariya in ya yi dariya zan jefa shi a ruwa ba tukunya.

Baiti na bakwai ya ɓace mini. Ki tambayi mahaifiyarki.

Abkar

*

Farasan, 24 ga Rajab

Jawahir,

Sallama. Ga abin da ban gaya miki ba a jirgi da muke dawowa daga Dumsuk.

Ƙofar ce. Na rufe ido na miƙa hannu kusa da ita, ban taɓa ba, kin gani. Na ji sanyin nan yana fitowa, sannan na buɗe. Ko akuya sai ta durƙusa za ta shige. Kifayen kuma shuɗɗa ne, ƙanana, ba ruwansu da gadi. Ta fi wadda na ƙirƙira kyau nesa ba kusa ba.

Da kika nuna sama na ɗauko waƙar. Kin san shekara nawa rabona da jin muryar mutum sosai. A cikin ruwan nan na ji ta tar, a cikin ƙashin kaina. Ashe muryarmu ɗaya da Shau'i, ban taɓa lura ba. Na kai sha biyu ba mu fito ba, na ƙara biyu.

Na aika wa Jubran kada ya zo, na ce malamata ta hana ni hawa dutse. Ban gaya masa kwana ɗaya kika ce ba.

Gobe bayan sallar asuba ki zo ki raka ni kabarin ubanki. Ina da magana da shi.

Baffanki,
Abkar