Na tambaye ta a gaban uwar mijinta

Mirriya, daren Laraba, shekara ta biyu ta fari da yunwa

Na kasa cin tuwo. Da hantsi aka kawo mini Hadiza gidan likita daga Guna a amalanken jaki. Cikinta na fari ne, wata bakwai, kuma dusa take ci tun bayan salla. Uwar mijinta na tsaye a kanta na tambaye ta ko mararta na ɗaurewa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Malama." Sau ɗaya na taɓa cikin, ga mata sun cika baranda, sai na ce yunwa ce, su koma gida, haihuwa da saura.

Iya Gambo, tsohuwar ungozomar da ke taya ni aiki, ta raɗa mini in fitar da surukar in sake tambaya. Na ce mata ni aka koya wa aikin nan a lakkal, makarantar boko.

Ba su kai rabin hanya ba ta haihu a gindin gawo. Da la'asar suka dawo da jariri ɗan mitsitsi a naɗe cikin kallabi, yana numfashi sama-sama. Allah ka raya shi, kada ka kama ni da alhakinsa.

Iya Gambo ba ta yi mini faɗa ba. Muna wanke hannu ta ce, "Ranar da na karɓi haihuwarki ta fari, surukarki ta tambaye ki ko kina jin ciwo. Me kika ce mata?"

"Ba komai," na ce wa surukata ran nan, ina cije da bakin zanena.