Garin Naman Kazan da Ya Kashe Hannun Mahaifiyata

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Masu Maganin Gargajiya ta yankinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, sunana Sabi'u, ina gyaran keke a Koki. Karatuna bai yi nisa ba, amma idona yana gani. Na zo ofishinku da bakina, aka ce in yi haƙuri. Na yi, na sake yi. Yanzu zan faɗa kowa ya ji.

Na farko. Mahaifiyata ɗinkin hula take yi, da shi ta raine mu. Tana da ciwon suga. Bara ta fara sayen garin naman kaza, tsiron nan na damina, a wajen wani dattijo mai ɗauke da katin ƙungiyarku, tana zubawa a kunu kullum da safe. Katin nan ne ya kwantar mana da hankali. Sai ciwon ciki, sai mantuwa, sai hannun damanta ya saki daga wuyan hannu, allura ta gagare ta. A asibiti aka auna jininta, likita ya ce gubar dalma ce. Aka auna ragowar garin, ita ce dai.

Na biyu. Na bi sawun mutumin nan da damina, na ga inda yake tsinko shi: kan ruɓaɓɓun itatuwa a bakin kududdufin da masu fasa tsohon batir don ciro dalma suke zubar da ruwansu. Wurin da ko ciyawa ta ƙone, akuya ma ba ta tsayawa. Naman kazan ne kaɗai ya yi ɓul-ɓul, fari tas, gwanin sha'awa. Likita ya ce haka halinsa yake, kamar soso, duk abin da ke ƙarƙashinsa zuƙewa yake yi, wanki ba ya fitarwa, shanya ba ta fitarwa.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Da na kawo muku wannan magana, sakatarenku ya ce abin da ya tsiro da kansa bayan ruwan sama, ba hannun mutum, ba ya cutarwa. Aka ƙara da cewa mutumin sa'an mahaifina ne, kada in tona masa asiri. To Alhaji, asirin wa aka rufa? Jiya na gan shi wajen Ƙofar Mazugal, lasifika na tashi, mata sun kewaye shi. Ɗaya goyo ne a bayanta.

Ba na gaba da maganin gargajiya, da shi na tashi. Ban kuma ce dattijon nan mugu ne ba, ban ma zaci ya sani ba. Ku kuwa kun sani, don ni na gaya muku.

Roƙona: ku karɓe garin nan daga hannunsa yau. Ku sa a yi shela a masallatai, duk wanda ya sha ya je a auna shi. Kada kuma ku sake ba wa kowa kati sai kun taka kun ga inda yake samo kayansa.

Ranar Litinin zan dawo ofishinku da hular da mahaifiyata ta fara ba ta gama ba, zaren yana nan a jikin allura. Zan ajiye ta a teburinku, ku gaya mata da kanku cewa ta ƙara haƙuri.

Allah ya ba ku ikon yin gaskiya, ya tsare iyalanku daga abin da ya same mu.

Wassalam.

Sabi'u mai gyaran keke, Koki.