Sunayen da Ban Riƙe Ba

Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Jafaru da yara. Ya ƙafar Inna? An gama yankan gero a Dudunni?

Ni lafiya lau nake a nan ƙasar Hangari, kada ki damu. Abincinsu ne dai har yanzu bai karɓe ni ba.

Makon jiya malaminmu ya jera mana ƙasashe, yana kwatanta yawan masu mutuwa cikin kowane mutum dubu a shekara. Sai na ga nasu ya kai namu, har ya ɗan ɗara. Na ce ko kuskure ne? Ya ce a'a, sai an duba shekarun mamatan. Nan tsofaffi ne ke tafiya, wajenmu kuwa da yawa ƙananan yara ne.

Na koma gida na ba da labarin. Tsohuwar da nake zaune gidanta ta tambaye ni mu nawa ne wurin Inna. Na ce tara ta haifa, mu huɗu muka rage. Ta riƙe hannuna ta ce, "Sauran fa, me sunansu?"

Yaya, cikin su biyar, sunan Kamila kaɗai na iya tunawa.

Don Allah ki tambayi Inna a hankali, ranar da kika ga ranta a sake, ki aiko mani da sunayen in riƙa ambatonsu. In kin ga zai tayar mata da hankali, ki bari, ki gaya mani waɗanda ke kika sani.

Allah ya bar mana Inna.

Ƙanwarki,
Rauda