Ƙuri'ar Mutanen Mubi

Laraba, 14 ga Oktoba, 1959. Ƙafin Maiyaki

Yau ma na rufe keken ɗinki tun la'asar na tafi ƙofar gidan dagaci jin rediyo. Malam Labaran, malamin makaranta, yana hango ni ya ce, "Ga Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya nan tafe, a ba Malam Ladan tabarma." Aka kwashe da dariya. Na ƙyale su. Na san ni tela ne, amma ai ba malaman makaranta kaɗai aka yi wa kunne ba.

Abin da na fahimta ke nan. Ƙasar nan ta gabas, su Mubi da Gwoza da Dikwa, ashe ba tamu ba ce gaba ɗaya. Da ta Jamus ce, aka ci su da yaƙi, Ingilishi da Faransa suka raba, kuma rabon Ingilishi amana ce suke riƙe wa Majalisar. To mu baɗi za mu sami mulkin kai, shi ne aka ce ran bakwai ga watan gobe a tambayi mutanen can: za ku zauna cikin Arewa, ko a bar maganar sai nan gaba?

Juma'a, 16 ga Oktoba

Bari in faɗa a nan, tunda ba mai karantawa sai ni. Yaron da ake ce wa Uba yana Mubi. Ɗana na fari. Ranar da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi ta miƙa wa ƙanena Lado, don shi Allah bai ba shi haihuwa ba, da Lado ya tashi zuwa gabas sana'ar fatu kuma ya tafi da shi. Rabona da shi tun ba a yi masa kaciya ba, yanzu ya isa aure.

Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Ɗan riƙo ne kuma, ba ni da ta cewa a kansa. Shi ya sa nake ta tambayar labarin Majalisa. Ina ruwana da Majalisa.

Juma'a, 23 ga Oktoba

An yi gardama bayan masallaci. Malam Labaran ya ce ƙasar nan tun kafin Bature ya zo a haɗe take da Adamawa da Barno, wa ya aiko mutanen ƙetare su zo su tambaya? Lawal mai fataucin goro, wanda yake kai kaya can, ya ce, "Malam, kai a taswira ka santa. Mutanen kan duwatsun nan sun gaji da hakiman da ake turo musu." Sai wani ya ce in suka ƙi mu, ɓangaren Faransa za a ba, a sa shinge, a sa kwastan, ba shiga ba fita sai da takarda.

Ban san ko gaskiya ne ba. Na dawo na ɗinka wa mutum aljihu a baibai.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Na sami Inna tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce ko a aika wa Lado ya dawo da iyalinsa kafin ƙuri'ar nan.

Ba ta ko ɗago kai ba. "Lado kake jiye wa, ko wa?"

Ta ce abin da aka ba Lado an ba shi, ba a bin kyautar ɗa da ƙafa. Ta ce, "Ni da na haife ka, ka taɓa jin sunanka a bakina? Ga ni nan, ban mutu ba."

Na fito raina a ɓace.

Talata, 27 ga Oktoba

Lawal ya tafi gabas da goro. Na ce ya gai da Lado, shi ke nan abin da bakina ya iya. Matata Zuwaira ta ba shi ƙullin daddawa da kuka wai na matar Lado. Ƙullin ya isa gidan biki.

Ita ba ta taɓa cewa uffan ba, ta fi ni kunyar abin, ita ta haifa. Amma kwanan nan da la'asar ta yi sai in ji, "Malam, yau ba za ka je jin rediyon ba ne?"

Asabar, 7 ga Nuwamba

Yau ne. Ban taɓa keke ba.

Talata, 10 ga Nuwamba

An faɗi sakamako. Mafi yawansu sun ce a bar maganar sai nan gaba. A ƙofar dagaci Malam Labaran ya cire hula ya buga a gwiwa, wai an kunyata Arewa a idon duniya. Ni dai na ce, to yanzu an rufe hanya ke nan? Ya harare ni. "Wa zai rufe? Ingilishi na nan da riƙonsu kamar jiya, sai an sake wata ƙuri'ar."

Wata Alhamdu lillahi ta kuɓuce mini da ƙarfi, kowa ya juyo yana kallona kamar na sayar da Arewa. Su kalla. Rabon da in ji numfashina ya sauka har ciki haka na manta.

Da na shiga gida Zuwaira na tankaɗe. Na tsaya ina kwance wa akuya igiya, na ce wa akuyar hanyar gabas dai tana nan a buɗe. Zuwaira ta ce, "To." Garin da ta gama tankaɗewa shi ta sake zubawa a rariya.

Laraba, 11 ga Nuwamba

Ta soya waina ta raba sadaka. Ban tambaya ba. Na ci biyar.

Alhamis, 26 ga Nuwamba

Lawal ya dawo, ya same ni a rumfa, mutane cike har da Malam Labaran. Ya ce an yi ƙuri'a lafiya, ko mari ba a yi ba a inda yake, baƙin Majalisa suna ta zagayawa a mota suna leƙa rumfunan zaɓe. Lado lafiya. Yaron Lado ma ya jefa tasa, amma ya ƙi faɗar akwatin da ya sa, wai shi mutumin Mubi ne, maganar gidansu ce. Wannan ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Kuma an sa masa rana, kafin azumi za a ɗaura.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai na ji bakina ya ce, "Lawal, tashi tsaye." Ya tashi.

"Ya kai ka tsawo?"

Lawal ya ɗaga hannu sama da hularsa kaɗan. "Ya ɗara ni da haka. Kafaɗa kuwa taka ce sak, Malam Ladan."

Na jira tsiyar Malam Labaran. Sai ya sunkuya yana gyara takalmi. Allah ya saka masa.

Litinin, 30 ga Nuwamba

Na yanka farin yadi mai kyau. Inna ta shigo ta tarar ina auna kafaɗa da tsohuwar rigata, ta ce ta wa ce, na ce ta wani mutumin Mubi ce. Ta daɗe tana murza yadin da yatsa. Ta ce, "Ƙara masa tsawon hannu. Kuma rigar aike, in ba ta zauna ba wa zai gyara?" Ta fita abinta.

An ce wata ƙuri'ar na nan tafe, ba wanda ya san inda ƙasar za ta faɗa. Lawal zai koma ran Laraba ta sama. Na ce ya kama mini wuri a mota, ina so in ga ƙasar amanar nan da idona, tunda an naɗa ni wakilin Majalisa.

Zan tafi da almakashi da zare, ko za a buƙaci gyara.