Zan Kai Aku Rigakafi

Zuwa ga Maigida, Baban Aku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewa. Yaya aiki, yaya kuma ƙafar da ka ce tana damunka? Mu nan lafiya lau. 'Yarka tana gaishe ka. Bakin nan nata da ya sa ka raɗa mata Aku har yau bai huta ba.

Direban kamfaninku ya kawo takardarka. A tsaye na fara karantawa a gaban keken ɗinki, sai da na nemi kujera. Ka ce kada in kuskura in kai ta rigakafin ƙyanda, wai yayarka ta faɗa maka allurar da aka yi mata tana jaririya ce ta jawo mata ciwon sukari, kuma jikin da ake sokewa da insulin kullum ba zai ɗauki ƙari ba.

Baban Aku, tun da muka yi aure ban taɓa tsallake maganarka ba. Wannan kam zan tsallake, kuma gara ka ji daga hannuna.

Na tambayi likitarta ido da ido. Ta ce garkuwar jikin yarinyar ce ta juya ta lalata abin da ke daidaita mata sukari. Ba rigakafi ba ne, ba kuma alawar da kake saya mata ba ce. Ta ce yaro mai irin ciwon Aku ya fi kowa bukatar kariya, don cutar da za ta kwantar da wani yaron ita tana iya ɗauke ta.

Ka tuna murar bara? Kai a takarda ka ji labarin. Ni ce na riƙe ta a gadon asibiti tana amai, numfashi yana fita da ƙyar, na'urar gwajin sukari ta kasa ma nuna lamba. Mura ce fa kawai. Yanzu ƙyanda ta fara kwantar da yara a layinmu, ka ce in naɗe hannu?

Ka yi fushi in ka ga dama, zan ba ka haƙuri. Amma zan kai ta.

Taka har kullum,
Maman Aku

Zuwa ga Maigida,

Bayan sallama da fatan kana lafiya kuma ƙafar ta yi sauƙi. Direba ya zo hannu wofi, na gane shirun naka amsa ce.

Na kai ta. Ana ta koke-koke a layi, 'yarka ta naɗe hannun riga da kanta, tana gaya wa wani ƙato da ya girme ta ya daina ba maza kunya. Da ma'aikaciyar ta gama, sai Aku ta tambaye ta wai shi ke nan? Har masu jira suka yi dariya.

Ba zan ɓoye maka ba, daga baya jikinta ya yi ɗumi, sukarin ya hau. Likita ta riga ta gaya mini hakan na iya faruwa, ta koya mini yadda zan yawaita gwaji, in ba ta ruwa, in gyara insulin. Na yi duk yadda ta ce. Na zauna a gefen katifa ina cewa a raina, in wani abu ya same ta, da wane ido zan dube ka?

Ana cikin haka yayarka ta shigo. Ta taɓa goshin yarinyar, ta ce ga abin da take gudu nan, zan kashe muku 'ya da taurin kai. Ta fara zuba kayan Aku a jaka, wai za ta tafi da ita gidanta har ka dawo. Ka san girman da nake ba ta. Na gaishe ta, na kawo mata ruwa, sannan na tsaya a bakin ƙofa. Na ɗauko allurar insulin a firji na miƙa mata, na ce bismillah, lokacin ta rana ya yi, in za ta tafi da ita ta fara yi mata a gabana, ta faɗa mini nawa za ta ja. Ta dubi allurar, ta dube ni. Ta ajiye jakar ta fita, tana cewa za ka ji komai.

To ka ji daga gare ni ma. Ban zage ta ba, ban kuma matsa daga ƙofar ba.

Matarka,
Maman Aku

Baban Aku,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka. Zazzaɓin ya sauka, sukari ya koma daidai, ta koma makaranta tana damun malamarsu da surutu.

Na ga 'yar takardarka. Ba ka ambace ni ba ko sau ɗaya, ita kaɗai ka tambaya ko allurar ta yi zafi. Na karanta mata. Ta ce in rubuta maka cewa ita kullum a cikin allura take, kai ne dai kake fita tsakar gida in an ɗauko.

Gaskiya ta faɗa. Na san ba ƙin ta kake yi ba, tsoro kake ji, ni ma ina ji. Amma ni da tsoron nawa nake soka mata kowace safiya. Ba na neman gafara a kan rigakafin nan, kuma in lokacin wani ya zo zan sake kai ta.

In ka zo hutu, zan zaunar da kai in koya maka yi mata allurar. Ta ce ta yarda ka fara da cinyarta, kuma in ka yi kuka ba za ta gaya wa kowa ba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Maman Aku