Kuɗin Aikin Kyanwar Inna

Yaya,

Na fita aiki kana barci, ban so in tashe ka ba.

Kyanwar Inna ta dawo gida, tana kwance cikin kwali a bayan ƙofar kicin. Ashe zare ta haɗiye ya naɗe mata hanji. Likitan dabbobi ya ce sai an yi mata aiki nan take, na ce to. Bai faɗi kuɗi ba, ni ma ban tambaya ba, don Inna na gefena tana share hawaye. Sai da ya gama ɗinki ya miƙo min takarda. Wallahi sai da na nemi kujera na zauna. Da kuɗin hayar da ka ba ni ajiya na biya. Ka yi haƙuri, zan mayar idan an yi albashi.

Na ce masa, "Likita, ai da ka faɗa min tun farko." Ya ce, "Da na faɗa, barin ta za ki yi ta mutu?" Ni dai ina ganin hakkina ne in sani, ko da kuwa to ɗin zan sake cewa.

Don Allah kar Inna ta ji ko nawa ne. Ka san halinta, sai ta daina sayen maganin ƙafarta, wai tana rage mana nauyi. Tun rasuwar Baba, da kyanwar nan take hira idan mun fita.

Ƙanwarka